Al'ul mai shuɗin ganye: a auna fili kafin a saya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham da iyalina. Na ga wata bishiya a wurin masu sayar da dashe, ganyenta siri-siri kamar allurai, shuɗi mai ruwan toka, an rubuta Cedrus atlantica 'Glauca' a jikin robar. Tsayinta bai wuce kafaɗata ba. Filin bayan gidanmu mita 7 ne a faɗi, 12 a tsawo, kuma ƙasar tana riƙe ruwa lokacin sanyi. Zan iya dasa ta? Yaya ake kula da ita? Idan ta yi kyau ina so in kai wa mahaifina guda biyu ya dasa a gidansa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bishiyar da kika gani al'ul ce ta duwatsun Atlas, kuma idonki ya iya zaɓe, domin cikin itatuwan da ake ƙawata gida da su a Turai kaɗan ne suka kamo ƙafarta. Sai dai gara in faɗa miki tun yanzu: wannan nau'in da kika karanta sunansa ya fi ƙarfin filin mita 7 da 12, kuma a Kano ba zai rayu ba. Tana da dangi ƙanana da za su zauna a filinki lafiya lau, zan zo kansu. Amma bari in fara da inda ta fito, don duk abin da take so da wanda ba ta so, daga can ta taho da shi.

Gidanta na asali tsaunukan Maroko da Aljeriya ne, daga kimanin mita 1,300 zuwa sama da mita 2,000 bisa teku. Dazuzzukanta mafiya girma suna tsakiyar Atlas, kewayen garuruwan Azrou da Ifrane, inda birai ke zaune a cikinta. A Aljeriya kuma akwai ta a duwatsun Aurès da Djurdjura. Da an ce Afirka sai mutum ya kawo zafi a ransa, alhali a Ifrane ne aka auna sanyin digiri 23.9 ƙasa da sifili a watan Fabrairun 1935, wanda ake lissafa shi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a nahiyar. Ruwan shekara a can da sanyi yake zuwa, mai yawa daga cikinsa dusar ƙanƙara ce da ke kwanciya a gindin itatuwa, ta narke sannu a hankali, ta sulale ta cikin duwatsu. Yuli da Agusta kuwa rana ce tsagwaronta da bushewa. Ƙasar gangare ce mai tsakuwa, ruwa ba ya kwana a cikinta. To ga buƙatunta nan kin gani: sanyi na gaske a lokacinsa, rana sosai, da ƙasar da ke tsane ruwa da wuri. Birmingham ta ba ta na farko, za ki iya nema mata na biyu, na ukun ne aikin da ke gabanki.

Amma girmanta ne babbar magana. A dajinta tana kai mita 30, wasu har 40. A lambunan Ingila, inda aka fara dasa ta tun wajen 1840, ba wuya ta wuce mita 15, rassanta su baje mita 10 ko fiye. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ƙuruciyarta. Shekarun farko za ki gan ta siririya, doguwar wuya, rassa tsilla-tsilla, kamar ba za ta taɓa cika wuri ba. Da zarar saiwarta ta kama sai ta riƙa ƙara santimita 30 zuwa 50 duk shekara. Idan ta doshi shekara ashirin sai ta fara miƙa rassa a kwance, hawa-hawa, kowane hawa da faɗinsa. Wannan shimfiɗar ita ce kyanta, ita ce ake zuwa kallo a lambunan manyan tsofaffin gidajen Ingila. A filin da faɗinsa mita 7 ne kuwa, ma'anarta ita ce rassa a kan shingen maƙwabci na dama da na hagu, duhu a tagar kicin, ciyawar fili ta mutu, indararo ya toshe da busassun allurai.

Za ki ce ai sai a riƙa rage mata. Nan ne al'ul ta bambanta da itatuwan da muka saba yi wa aski. Idan aka datse reshenta har inda babu ganye, da wuya ya sake toho, dungu zai zauna a haka. Idan aka sare kanta don a hana ta tsayi, sai ta fitar da kawuna uku ko huɗu masu raunin mahaɗi, waɗanda iska ko nauyin ƙanƙara ke iya tsagewa bayan wasu shekaru, ga shi siffar da aka saye ta dominta ta tafi. Na sha ganin irin waɗannan a unguwanni, an gutsure su ta ko'ina don su shiga wurin da tun farko bai ishe su ba, kuma abin yana ɓata mini rai, domin bishiyar ba ta yi laifin komai ba. Sare babba kuma aiki ne na ƙwararru mai tsada. Idan gidanku yana cikin unguwar da hukuma ta keɓe don adana tarihinta, doka ta ce sai an ba ƙaramar hukuma sanarwar mako shida kafin a taɓa bishiyar da kaurin kututturenta ya wuce santimita 7.5. Ni dai ba na ba kowa shawarar dasa wannan nau'in sai yana da aƙalla mita 10 tsakaninta da kowane gini, har da na maƙwabci. A ƙasa mai yumɓu ma a ƙara, saboda babbar bishiya tana tsotse ruwan yumɓu da rani, ƙasar ta tsuke, harsashin gini ya motsa.

Yanzu ga waɗanda za su yi miki. Akwai 'Glauca Pendula', mai rassa masu zubowa ƙasa. Ita ba ta miƙewa sama da kanta, tsayinta yana hannun mai ita: inda aka ɗaure kanta a jikin turke, nan za ta tsaya, daga nan ta sunkuyo. Ana iya bi da ita bisa ƙofar lambu ko a jikin shinge. Sai dai kada sunkuyawar ta sa ki ɗauka ƙarama ce. Uwarsu duka, wadda daga jikinta aka yaɗa nau'in, tana nan a Châtenay-Malabry kusa da Paris tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma ta rufe fili kusan murabba'in mita 700, wato ninkin filinki sau takwas. Bambancinta da babbar shi ne tana karɓar gyara idan ana yi mata kaɗan-kaɗan duk shekara, ana rage bakin rassa tun suna ɗanye. Idan kina da hannun yin haka, ita zan zaɓa miki. Idan kuma kina son wadda za ki dasa ki huta, nemi 'Feelin' Blue', 'yar dangin al'ul ta Himalaya, wadda ke bajewa ƙasa-ƙasa kuma ana samunta a wuraren sayar da dashe na Ingila, ko 'Sapphire Nymph', wadda za ta yi shekaru ba ta kai ƙugunki ba. 'Horstmann' ta fi waɗannan girma amma tafiyarta a hankali ce, ganyenta kuma cunkus. Wadda zan ce ki yi hattara da ita ita ce 'Fastigiata': ana tallarta a matsayin siririya, gaskiya ne ba ta bajewa sosai, amma tsayi tana yi.

Idan kin koma wurin masu dashen, ki kama allura biyu ko uku tsakanin yatsunki ki murza. Za ki ga shuɗin ya goge, kore ya bayyana a ƙasa, yatsanki kuma ya ɗan yi santsi. Shuɗin nan ba launin ganyen ba ne, wani kaki ne siriri da ke lulluɓe shi, irin farin da ke kan ganyen tumfafiya, kuma aikinsu ɗaya: rage fitar ruwa da kare ganye daga zafin rana. Sanin wannan zai amfane ki ta hanya biyu. Bishiyar da ke inuwa ba ta yin kakin sosai, sai ta koma kore mai duhu-duhu, rassanta su yi sako-sako, don haka ki ba ta wurin da ya fi ko'ina samun rana a filin, aƙalla awa shida a yini lokacin zafi. Sannan kada ki fesa mata maganin ƙwari mai mai a ciki, domin man yana narkar da kakin, kuma allurar da ta rasa shi ba ta mayarwa, sai dai a jira sabon toho. Sabon tohon watan Mayu da Yuni shi ne ya fi kowane haske.

Wani abin lura kuma, waɗannan nau'o'in masu suna duk aure ake yi musu, ba daga iri ake shuka su ba. Idan aka shuka irin shuɗiyar al'ul, 'ya'yan kowa da launinsa, wani shuɗi, wani kore, wani tsaka-tsaki. Shi ya sa ake yanko reshen wadda aka tabbatar da launinta a haɗa shi da gindin wata, yawanci ta Himalaya. Ki duba ɗan sama da bakin ƙasa za ki ga kumburin mahaɗin. Ya kasance ya warke sumul, babu tsagewa, babu ƙaro mai yawa da ke tsiyaya. Duk tohon da ya fito ƙasa da wannan mahaɗi na gindin ne, kore zai yi, a cire shi da wuri kafin ya ƙwace ƙarfin bishiyar.

Kafin ki biya kuɗi, ki roƙi mai sayarwa ya zare ta daga robar. Saiwa mai lafiya za ki ga bakinta fari-fari ko ruwan ƙasa mai haske, ta ratsa ƙasar ko'ina, tana ƙamshin ƙasa. Idan kika ga saiwoyi masu kauri sun yi ta zagaye jikin robar sun naɗe kamar gammo, bishiyar ta daɗe a ciki, kuma ko an dasa ta haka za su ci gaba da zagaye, wata rana su shaƙe gindin ko iska ta kayar da ita. Idan baƙi ne, laushi, da wari, ruɓa ta riga ta shiga. Ki ajiye ki ɗauki wata. Ƙarama kuma ta fi babba: al'ul ba ta son a dami saiwarta, kuma dashen da bai wuce mita ɗaya ba yakan kama da wuri har ya cim ma wanda aka saya da tsada don girmansa.

Sai batun ƙasarki, wanda shi ne zai raba gardama. Ki haƙa rami mai zurfin santimita 40 a inda kike so, ki cika shi da ruwa, ki bari ya tsane, ki sake cikawa. Idan washegari ruwa yana nan kwance, wurin bai yi ba a yadda yake. Saiwar al'ul tana buƙatar iska, idan ta yi makonni cikin ruwa mai sanyi sai ta shaƙe, cutar ruɓar saiwa ta samu ƙofa. Abin takaicin shi ne alamar ba ta fitowa sai an shiga zafi: ganye ya dusashe, ya koma ruwan ƙasa, mai ita ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara mata ruwa, ya ƙarasa ta.

Maganin da mutane suka fi yi shi ne su haƙa rami mai zurfi, su zuba tsakuwa a ƙasansa, su cika da takin leda. Kada ki yi haka. A cikin yumɓu wannan ramin rijiya ce kika gina, duk ruwan kewaye nan zai taru. Abin da ke aiki shi ne a ɗaga bishiyar sama. Ki tara ƙasa ki yi tudu mai tsayin santimita 30 zuwa 40, faɗinsa kamar mita 2, ƙasar filin a gauraye da tsakuwa ƙanana da rairayi mai kaushi, ko ki gina kwami mai bango ki cika. Ƙananan nau'o'in nan ma sun fi kyau a bisa tudu, rassansu na zubowa. Ramin dashen ya ninka faɗin robar sau biyu ko uku, amma kada ya fi ta zurfi. Ki share ƙasar saman robar da yatsa har ki ga inda kututture ya fara buɗewa ya zama saiwa. Wannan wurin ya zauna daidai da bakin ƙasa, ko ya ɗan fi. Binne gindi yana kashe dashe da yawa, kuma a hankali yake kisa, sai bayan shekaru.

A ƙasa mai tsanewa watan Oktoba ko Nuwamba ne lokacin dashe, amma a irin taki na fi son Maris ko Afrilu, don kada sabuwar saiwa ta fara rayuwarta cikin jiƙar hunturu. Ki kafa turke gajere ki ɗaure ta da abu mai laushi, ki kwance bayan shekara ɗaya ko biyu, sai dai Pendula da turkenta na dindindin ne har kututturen ya yi ƙwari. Ki shimfiɗa ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 8 a kewaye, amma ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindin. Ban ruwa a shekara biyu ko uku na farko: idan an kwana bakwai babu ruwan sama lokacin zafi, ki ba ta bokiti biyu a hankali su shiga ƙasa, ya fi yayyafin kullum. Bayan nan ta iya da kanta. Taki kuwa ba ta cika buƙata ba, takin zamani mai yawa ma rassa masu rauni yake sa ta yi.

Idan kika ga allurai na can ciki kusa da kututture sun yi rawaya suna zuba, bakin rassa kuma lafiya, kada hankalinki ya tashi, tsofaffi ne take saki. Wanda ya kamata ki sa wa ido shi ne bakin reshe. Tun wajen 2013 zuwa 2014 aka gano wata cuta a Birtaniya mai suna Sirococcus tsugae, kuma al'ul ta Atlas ce ta fi shan wahalarta. Alamarta ba ta ɓuya: alluran bakin reshe su koma ruwan hoda, daga baya ruwan ƙasa, su zube, reshen ya bushe daga baki yana komawa ciki. Damshi ne ke yaɗa ta. Babu maganin feshi da zan ce ki dogara da shi. Abin yi shi ne a yanke reshen da ya kamu a ranar da babu ruwa, a goge almakashin, a kwashe alluran da suka zuba a fitar da su daga lambun, a kuma bar wa bishiyar sarari iska ta riƙa ratsa ta. Darɓa ma tana kama ta a farkon zafi, za ki ga ƙasan bishiyar yana danƙo, baƙin fumfuna ya hau rassa. A ƙaramar bishiya feshin ruwa mai ƙarfi ya isa.

Bari in ɗan ratse. Bishiyar nan da ta cika wuraren sayar da dashe a Turai, a gidanta tana cikin wahala. Tun 2013 ƙungiyar IUCN, mai sa ido kan kare halittu a duniya, ta sa ta cikin itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Fari mai maimaituwa ya busar da dazuzzuka musamman a Aurès, awaki da tumaki suna cinye ƙananan tsiro kafin su tashi, ga sara. A kudancin Faransa kuwa, inda aka shuka ta a dutsen Ventoux tun shekarun 1860, ta zama daji mai haihuwar kansa. Ko wannan ya isa ya nuna cewa wuri ne ke yi mata hukunci, ba yawan kulawa ba.

Wannan ya kawo mu maganar Baba. Niyyarki mai kyau ce, Allah ya saka da alheri, amma kada ki ɗauki wahalar. Kano tana ƙasa da mita 500 bisa teku, zafin Afrilu yana kai digiri 40, dare ma ba ya sanyi. Al'ul tana jure rana mai zafi a dutsenta ne saboda dare yana huce mata, kuma tana samun watanni na sanyi ta huta. Sanyin hunturun Kano bai kai ya sa ta wannan hutun ba. Wadda ta tsallake bazara kuma damina za ta gama da ita, domin ruwan Kano yana zuwa ne a Yuli da Agusta, cikin ɗumi, daidai lokacin da ta saba da bushewa, kuma ɗumi da jiƙa su ne abincin ruɓar saiwa. Ko a Jos mai tsayin kusan mita 1,200, ko Mambila da ta fi ta, zafin ne kawai ya ragu, daminar tana nan da tsawonta, don haka can ma ba zan ce a kashe kuɗi a kai ba. Ga shi kuma shiga da dashe mai rai Najeriya sai da takardar lafiyar tsiro da izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai da dabbobi.

Idan launin ne ya burge ki kike so Baba ya gani a gidansa, akwai wani kwakwan ado ɗan Madagaska mai suna Bismarckia nobilis. Ganyensa faffaɗa ne kamar na giginya, shuɗi mai ruwan azurfa, kakin nan dai shi ne a jikinsa, kuma ɗan ƙasar zafi ne, rana ba ta dame shi ba. A tambayi masu sayar da fulawa a can gida maimakon a ɗauko daga waje. Shi ma yana son fili, don ganye ɗaya yana kai mita 2 a faɗi, saboda haka a ba shi kamar mita 4 daga bango. A dasa shi farkon damina, a zare shi daga leda a hankali ba tare da an fasa ƙasar saiwarsa ba, sannan a riƙa ba shi ruwa sosai sau ɗaya ko biyu a mako a ranin farko da na biyu. Idan kuma a gona Baba yake son inuwa, gawo yana nan, ganyensa ma yana da wannan shuɗi-shuɗin, kuma da rani yake fitar da shi, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe.